Idan ƙorama ta kawo, garinmu ya koma tsibiri

Baƙo idan ya ji sunan Anu Araren, gawayin ƙasa ne ke fara faɗo masa a rai. Da gaskiyarsa. An kafa kamfanin gawayin, SONICHAR, a 1975, tashar wutarsa ta fara aiki a 1981, daga nan wuta ke zuwa Arlit da Agadas da Cirozerin. Amma ni ungozoma ce, mafi yawan matan da nake dubawa ba a unguwar ma'aikata suke kwana ba. Suna can rugage da garake na gindin duwatsun Abzin, inda babu kwalta, wani wurin ma sai an hau tudu kafin waya ta samu layi.

Ruwan da muke samu a shekara bai cika kai milimita 200 ba, kuma kusan duka tsakanin Yuli da Satumba yake sauka. Sai dai dutse ba ya shan ruwa. Abin da ya zuba a bisa, gangarowa yake gaba ɗaya cikin ƙoramu. Kana zaune rana tsaka, ko ɗigo bai taɓa ka ba, sai ka ji ruri daga nesa. Kafin ka tattara awaki, yashin da ka taka da safe ya zama kogi. Mutanen Agadas ba su manta Satumbar 2009 ba, lokacin da ƙoramar Telwa ta ɓalle ta shiga gari da dare ta rushe gidaje. Mu a karkara abin da ya fi damunmu shi ne yankewar hanya. Gari ya koma tsibiri, wani lokaci na 'yan sa'o'i, wani lokaci har a kwana, kuma bayan ruwa ya janye laka na iya riƙe mota.

Naƙuda kuwa ba ta jiran ƙorama. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin sa'a biyu. Daga Cirozerin zuwa Agadas kimanin kilomita 75 ne, wannan ga wadda ta riga ta iso bakin hanya ke nan. Shi ya sa nake roƙon magidanta: idan cikin iyalinka ya shiga wata tara a damina, kawo ta wurin dangi kusa da likita tun tana tafiya da ƙafarta. Mai cikin fari, da wadda aka taɓa yi wa aiki, da wadda aka ce tagwaye ne ko jininta ya hau, waɗannan ba a ma tsaya shawara. Na san abin da ake faɗa: wa zai duba bisashe, wa zai yi wa yara tuwo? Tambaya ce ta gaskiya, amma amsarta a zauren mai gari take, a zauna tun watan Yuni a raba. A san babur ko motar wa za a nema, a aje kuɗin mai a hannun amintacce. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa mata kuɗin tiyatar haihuwa, ta ɗauke na jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, amma kuɗin mota yana wuyanku.

Iyaye mata da surukai, ku ne kuka fi kusa. Jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska, jijjiga, ko naƙudar da ta wuce yini guda: kada a ce a bari a ga wayewar gari. Kunyar fari al'adarmu ce, na sani, yarinya za ta danne ciwo ta yi shiru. Ku dubi fuskarta, kada ku jira bakinta.

Bayan ruwa ya wuce sai rijiyoyi. Wadda ƙorama ta malale ta kwashi kashin bisashe, ko da ruwanta ya kwanta ya yi garau. A tafasa ko a saka ƙwayar tsabtace ruwa. Yaro ya fara zawo, in babu ƙunshin gishiri da sukari na likita, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi, kada a yanke nono. Zazzaɓin sauro ma yana biyo bayan tabkunan da ruwa ya bari, a kwana cikin gidan sauro. Kunama kuwa, idan ta harbi yaro ya kama gumi da amai da dalalar yawu, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, hanyar likita ake kamawa.

Ba na zagin ƙorama. Ita ke cika rijiyoyin da ake ban ruwan albasa da su har rani, ita ke rayar da goruba da bagaruwa na bakin gaɓa. Saiwoyinsu ne ke riƙe ƙasa, inda aka sare su nan ruwa ke fara cin garka. Masu neman itacen girki su nisanci gaɓa, kuma kada a kafa bukka a cikin kwari don an ga shekara uku bai kawo ba.