Tsofaffin Takardun Ajiyar Banki da Masu Tara Su

Ran da muke gyara ɗakin kakata bayan rasuwarta, na tsinci wani ɗan littafin ajiyar banki a ƙasan akwatinta, gara ta ci gefensa. Ciki akwai sule biyu, sule biyar, kowane da kwanan wata da tambari. Daga nan na soma bin tarihin irin waɗannan takardu, sai na tarar a Turai da Amurka akwai masu tara su kamar yadda ake tara kan sarki.

Wani muhimmin ɓangare na tarihin daga Sikotilan ne. A 1810 wani limamin coci, Henry Duncan, ya buɗe bankin tanadi a ƙauyen Ruthwell. A lokacin manyan bankuna ba sa karɓar ajiyar da ta gaza fam 10, shi kuwa ko sisi aka kawo yana karɓa. A 1816 aka kafa irinsa a Filadelfiya da Boston. Waɗannan bankuna ba su da masu hannun jari, amintattu ke riƙe su, riba kuma ta masu ajiya ce. Ni dai sun tuna mini da adashi, wanda mu Yarabawa muke kira esusu, sai dai a nan komai a rubuce yake.

To me mai tarawa yake dubawa? Sunan banki, shekara, sa hannun ma'aji, da ko an huda takardar don nuna an rufe asusun. Amma a ganina sunan mai ajiya ya fi duka. Yawancinsu 'yan aikin gida ne, leburori da matuƙan jirgin ruwa, waɗanda ba su bar wani rubutu a duniya ba. Bankin Emigrant da aka buɗe a New York a 1850 domin baƙi 'yan Ailan yakan rubuta garin mutum, sunan iyayensa da jirgin da ya kawo shi, saboda da yawa ba su iya sa hannu ba, sai da waɗannan tambayoyi ake gane su. Yau jikokinsu da littattafan suke gano asalinsu.

Idan ka sami irin wannan takarda, kada ka manna mata salatef, kada ka kai a lulluɓe ta da roba mai zafi. Sa ta a ambulan mai tsabta, nesa da danshi da rana. Ta kakata tana nan haka cikin akwatin littattafaina.