Yadda Ake Auna Tsada da Bukata Kafin a Raba Ruwan Madatsa

Duk wanda aka ɗora wa nauyin raba ruwan madatsa tsakanin birni da gonaki da mutanen fadama, ko ma'aikacin jiha ne ko wakilin jama'a a majalisa, wajibi ne ya san cewa hisabin da zai yi na dukiyar da ba ta isar kowa ne, kuma duk abin da ya ba wani, daga hannun wani ya karɓo shi. Za mu ɗauki madatsar Tiga misali, wadda aka gina a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, da 'yar'uwarta ta Challawa a ƙasar Karaye, wadda aka kammala a 1992, domin daga gare su Kano take sha, da ruwan Tiga Kura da Bunkure da Garun Malam suke noman rani, kuma ragowarsu ne yake gangarawa Haɗejia da Nguru da Gashuwa.

Matakin farko shi ne ka tabbatar da ruwan da yake akwai a haƙiƙa, ba wanda aka rubuta ranar buɗe madatsa ba. An gina Tiga ne don ta riƙe kusan mita kubik biliyan biyu (mita kubik ɗaya lita dubu ce), amma tun daga wancan lokaci laka da rairayi ba su fasa kwantawa a gindinta ba. Saboda haka ka nemi littattafan ma'aunin ruwa a Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ka duba abin da ya shigo shekara bayan shekara, sannan ka gina lissafinka a kan shekarun fari irin su 1983 da 1984, domin rabon da aka tsara bisa damina mai albarka yakan rushe a farkon shekarar da sama ta ɗauke. Daga nan ka cire abin da rana da iskar hunturu suke shanyewa, wanda a wannan yanki yakan kusanci zurfin mita biyu a shekara, wato kusan mita kubik miliyan biyu a kowace murabba'in kilomita ta fuskar tafki.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne bukatar haƙuri, shi ne ƙididdigar masu bukata. A nan malaman fiƙihu sun riga mu shimfiɗa tsari, domin sun gabatar da haƙƙin shan mutum da dabba a kan haƙƙin ban ruwan shuka, kuma sun hukunta cewa wanda yake sama ya shayar da gonarsa gwargwado, sannan ya saki ruwa ga na ƙasa da shi. To, ka fara da sha. In ka ba kowane mutum lita 50 a yini, gari mai mutum miliyan ɗaya zai ci mita kubik 50,000 kullum, wato miliyan 18 da 'yan kai a shekara, kafin ka ƙara abin da yake zubewa ta fasassun bututu tsakanin matatar ruwa ta Tamburawa da unguwanni. Sa'an nan ka koma gona: hekta ɗaya da ta sha ruwa mai zurfin mita ɗaya a kakar rani ta cinye mita kubik 10,000, ashe ke nan hekta 1,800 suna iya shanye abin da zai ishi mutum miliyan guda shekara cur. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda nauyin mizani yake, kuma ya sa ka tambayi manoma abin da suke shukawa, domin shinkafa ta fi alkama da tumatir shan ruwa nesa ba kusa ba.

Kada ka wadatu da takardun ofis. Ka tafi da ƙafarka wurin dagatai da masu unguwa da sarakunan noma da arɗo da sarkin ruwa, ka ji watan da ruwa yake yanke musu. A birni kuwa, mafi gaskiyar shaida ita ce kurar ɗan garuwa: ka tambayi nawa ake sayen jarka a bazara, nawa a damina, jarka nawa gida yake ci a yini, domin abin da magidanci yake fitarwa daga aljihunsa kowace safiya ya fi amsar da zai ba baƙo mai riƙe da takarda nuna iyakar bukatarsa da ikonsa na biya.

Na uku shi ne tsada, kuma kashi biyu ce. Ta farko a bayyane take: albashin ma'aikata, man injuna da wutar lantarki, alam da kulorin, yashe magudanai, gyaran ƙofofin ruwa, da ɗan abin da ake ajiyewa kowace shekara don ranar da inji zai mutu. Ka tara su, ka raba da yawan ruwan da ya isa hannun mai amfani, ka ga kuɗin mita kubik ɗaya, sannan ka gwada shi da abin da ake karɓa a hannun jama'a. Giɓin da ya rage shi ne tallafin da baitulmali zai ɗauka, kuma ya fi kyau a rubuta shi ɓaro-ɓaro a kasafi da a bar shi ya zama magudanar da ciyawa ta cinye.

Kashi na biyu ba ya shiga littafin ma'aji, alhali kuwa sau da yawa shi ne mafi girma, wato asarar waɗanda aka tare wa ruwa. Fadamar Haɗejia da Nguru tana rayuwa ne da ambaliyar da take zuwa a lokacinta, ta kwanta, ta janye, ta bar wa mai shinkafa danshi, masunci kifi, makiyayi ciyawa, kuma ta cika rijiyoyi. Da madatsun nan suka mai da kogin mai gudana rani da damina ba ƙaƙƙautawa, sai kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi. Binciken da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa amfanin da ruwa yake bayarwa a wannan fadama ya ninka wanda yake bayarwa a aikin noman rani na Kogin Kano. A ganina, duk lissafin da bai sa wa kifin Nguru da tattasan bakin Kogin Yobe farashi ba, har zuwa Diffa a ƙasar Nijar, lissafi ne naƙasasshe.

Bayan ka kammala waɗannan, sai ka rubuta rabo iri uku, na shekarar wadata da matsakaiciya da ta fari, kowanne da watannin sakin ruwa da sunan wanda zai fara haƙuri in abu ya yi ƙaranci. Ka kai daftarin gaban jihohin da kogin ya haɗa, waɗanda suka zauna a Damaturu a 2006 suka amince da kafa asusu guda don kula da shi, wato Kano da Jigawa da Yobe da Bauchi da Borno da Filato, kuma ka sa a karanta shi da Hausa a rediyo kafin manoma su sayi iri.