Fili da Lokaci: Abin da Wasannin Makaranta Ke Nema a Karkarar Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Dambatta ko ta Bichi a watan Agusta, da wuya ya ga saura. Gero da dawa da wake da gyaɗa sun rufe ƙasa tun daga bakin kwalta har gindin katangar gidaje. Tun a shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki da ke kewaye da birnin Kano, ya nuna cewa saboda yawan jama'a kusan kowace gona ana noma ta duk shekara, ba a barinta ta huta. Yau jama'a sun ƙaru, rabon gado kuma ya ƙara tsattsaga gonakin.

Mai wannan rubutu, malamin motsa jiki da ya daɗe yana shirya wasannin makarantu a wannan shiyya, ya tabbatar cewa shiri ko na wane ne, a kan fili yake tsayawa ko ya faɗi. Cikakken filin ƙwallo mita 105 ne a tsaye, 68 a kwance, wato ya haura rabin hekta. A ƙauyukan Makoɗa ko Tsanyawa, wannan gonar magidanci ce sukutum. Shi ya sa ido ke kan filin makaranta. Bana maƙwabci ya ƙara kunya ɗaya, baɗi ya ƙara biyu. Wani lokaci makarantar da kanta ke ba da aron gefe a shuka gyaɗa, ko a kawo kwangilar sabon aji a dasa shi a tsakiyar filin don nan ne ya fi sauƙin sauke yashi. Kafin a ankara, yara sun koma buga ƙwallo a gonakin da aka girbe, inda kunya ke jawo targaɗe, kututturen dawa mai kaifi kuma yana jiran tafin ƙafar da ba takalmi.

Maganin ba ya cin kuɗi sosai. A auna filin a gaban dagaci da mai unguwa da kwamitin kula da makaranta, a rubuta iyakarsa, a kai kwafi ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannan a dasa darbejiya a kewaye. Kafin a fara wasa kuma, a jera yara su share tsidau da ƙaya da fasassun kwalabe.

Inda filin ya riga ya tafi, ba a rasa abin yi ba. Filin ƙwallon raga mita 18 ne da 9 kawai. Langa kuwa farfajiyar gaban aji ta ishe ta, ba ta neman sisin kwabo. A tsaya a kalli yaron da aka sa ya zama ruwa: ƙafa ɗaya a riƙe da hannu, yana tsalle yana kaucewa, dawakinsa na ture abokan hamayya har ya kai sha. Numfashi da ƙarfin cinya da daidaita jiki da aiki tare, duk suna cikin wannan ɗan gudun. Kuma ba wasan raini ba ne, domin langa da dambe da kokawa sun samu gurbi a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973.

Sai batun lokaci. Jadawalin da aka zana a ofis cikin birni bai san damina ba. Daga Yuni zuwa Satumba yaro na gona, Oktoba da Nuwamba girbi ne. Ranar Lahadi ta kasuwar Dambatta ce, wanda ya sa wasa a ranar ya yi shi kaɗai. Da yamma ga Islamiyya, kuma ya wajaba a zauna da malamanta a daidaita, ba a yi musu kutse ba. Gasar gidajen makaranta ta fi kyau a hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu. A bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40, motsa jiki sai da sanyin safiya, da randar ruwa a gefe.

Iyaye kan ce ɗan manomi ba ya bukatar motsa jiki, fartanya ta wadatar. A damina suna da gaskiya. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 60 a kullum ga masu shekara 5 zuwa 17, duk shekara, mace da namiji. A nan ne aka fi barin 'yan mata a baya: su zauna a inuwa suna kallo har a kaɗa ƙararrawa. Abin da marubucin ya gani shi ne, idan aka ba su malama mace, da gefe nasu, da dogon wando da hijabin da ba ya harɗe ƙafa, tsallen igiya da 'yar gala-gala da ƙwallon raga kan cika maƙil, iyaye kuma ba sa cewa uffan.

Kofunan 'yan siyasa da ke ɓullowa gab da zaɓe ba su cika barin komai ba, sai riguna da 'yan haya masu gemu a gasar 'yan firamare. Yaron ƙauye da ke burin sa rigar Kano Pillars, ƙungiyar da ta ɗauki kofin lig a 2008, 2012, 2013 da 2014, malami yake bukata kowane mako. Malaman kuwa akwai su, Jami'ar Bayero da makarantar Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso suna yaye su, sai dai sau da yawa akan tura su cike gurbin wani darasi, a mayar da lokacin wasa na shara.

Kira ga shugabannin makarantu da dagatai da sakatarorin ilimi: kafin saukar ruwan bana, a je a auna filin makaranta, a kuma mayar wa malamin motsa jiki darasinsa.