Wa ya gurɓata ruwan? Ɓoyon aikau a labarin muhalli

A 2011 Rob Nixon ya fitar da littafinsa Slow Violence and the Environmentalism of the Poor, inda ya nazarci ta'adin da ke tafiyar hawainiya: guba mai tsiyaya cikin ƙasa shekara da shekaru, ba fashewa, ba hoton da zai ja hankalin ƴan jarida. A ganinsa, irin wannan ɓarna ba ta bayyana sai marubuci ya ba ta siffar labari. Cikin misalansa akwai Ken Saro-Wiwa, wanda ya yi rubutu kan malalar man fetur a ƙasar Ogoni, ya kuma ambaci kamfanin Shell da sunansa. Gwamnatin soja ta Najeriya ta rataye shi a Fatakwal ran 10 ga Nuwamba 1995, tare da mutum takwas.

Ambaton sunan nan shi ne inda nazarin harshe ke shigowa. Arran Stibbe, a littafinsa Ecolinguistics na 2015, ya nuna yadda ginin jimla kan shafe wani daga cikin labari. Mu gwada da Hausa. «Kamfani ya gurɓata ruwa»: ga aikau, ga karɓau. «An gurɓata ruwa»: akwai mai aikin, amma «an» ta lulluɓe shi. «Ruwa ya gurɓace»: aikatau ya koma ƙi-karɓau, ruwan ya hau gurbin aikau, kamar shi ya jawo wa kansa. Jimlolin uku duka daidai suke a nahawu, sai dai ta farko kaɗai ke nuna wanda za a tuhuma, ko a nemi diyya gare shi. Ta ukun ce ta fi ban tsoro a ganina, don ko tambayar «wa?» ba ta bari a yi. Haka «daji ya ƙare», da muke faɗa kullum ba tare da mun tuna da gatari ba.

A Arlit, inda ake haƙar uraniyom tun 1971, Amina Weira ta ɗauki fim ɗin La colère dans le vent, wanda ya fito a 2016, ta bar mazauna garin, har da mahaifinta tsohon ma'aikacin ma'adinai, suna ba da labarin ƙurar da suka shaƙa. Ɗalibin da ke neman batun kundi zai iya ƙirga jimlolinsu masu aikau, ya gwama su da na sanarwar hukuma.