Takarda, Kati, Karta da Shata: 'Yan Gida Ɗaya

A matsayina na mai koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, ina so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai ga wasu kalmomi guda huɗu da muke ji kullum a Sabon Ikorodu da Agege: takarda, kati, karta da shata. Dukkansu jikokin kalmar Latin ce guda ɗaya, wato charta, wadda Rumawa suka aro daga Girkanci, mai nufin fallen da ake rubutu a kansa. Sai dai kowacce da hanyar da ta biyo.

Takarda ce babbar yaya. Ta ratso Sahara ne ta bakin Buzaye, waɗanda ke cewa takarɗe. Gaɓar ta- da ke farkonta alamar jinsin mace ce a harsunan Berber. Idan aka cire ta, sai tushen ya fito fili. Maarten Kossmann ya yi nazarin irin wannan aro a littafinsa na 2005. Daga Hausa kuma ta wuce Yarbanci, inda ake cewa tákàdá.

Kati baƙuwar zamanin Turawa ce. Daga card ta Ingilishi take, wadda ita ma ta fito daga carte ta Faransanci. Da ita muke cewa katin zaɓe ko katin waya. Karta kuwa ta tsaya ga wasa kawai, kuma siffarta ta fi kusa da carte da kuma carta ta Sifaniyanci.

Shata ta 'yan tasha daga charter take, wadda asalinta chartula ne, wato 'yar takarda. Ma'anar ta tashi daga takardar yarjejeniya zuwa hayar mota sukutum.

To amma a yi hattara, domin kama da wane ba ta wane. Shata da ke cikin "shata iyaka" aikatau ce mai nufin ja layi, kalma ce dabam da shatar mota, duk da rubutunsu ɗaya.

Saboda haka, kafin mu yanke hukuncin cewa kalmomi dangi ne, mu tambayi abu uku: me kowacce ke nufi, daga bakin wa ta shigo, kuma yaya sautinta ya sauya a hanya? Allah ya ƙara mana basira.