A Gwada Malamin Lesin Kafin A Damƙa Masa Yaro

Jama'a, mai sayen tukunya a kasuwa ba ya biya sai ya ƙwanƙwasa ta ya ji amonta. Amma da yawanmu, da zarar jarrabawar shiga sakandare ko ta WAEC ta ƙarato, sai mu ɗauko malamin lesin don kawai maƙwabci ya ce, "Ai Turanci a bakinsa kamar ruwa." A yanka masa kuɗin wata, shi ke nan. Sai sakamako ya fito a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi.

Abin da ya kamata shi ne a nemi malamin ya yi darasin gwaji na awa ɗaya, a kuma biya shi, domin guminsa ne. A yi shi a zaure ko tsakar gida, inda ake gani. Uba ko uwa su zauna gefe, su ja bakinsu su yi shiru.

Babu laifi a tambayi takardunsa. A Nijeriya takardar NCE ita ce mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa, hukumar TRCN kuma ita ke yi wa malamai rajista. Sai dai takarda ba za ta nuna maka haƙurin mutum ba.

To, me za a duba? Da farko, wa ya fi aiki, malam ko yaro? Wani da zuwansa zai buɗe littafi ya yi ta zuba, jefi-jefi yana cewa, "Ka gane?" Yaro kuwa, da kunya da tsoro, me zai ce in ban da "Na gane"? Malamin kirki yakan fara da lalubo inda ciwon yake. A ce ya ba ɗan aji huɗu lissafi, 52 a ɗebe 17, yaro ya rubuta 45. Mai gaggawa zai ja jan biro, ya rubuta 35, ya wuce. Gwani kuwa zai ce, "Nuna mini yadda ka yi." Nan take zai gano cewa yaron 2 ya ɗebe daga 7, wato bai iya aro daga gidan gomomi ba. Sai ya sa a kawo tsinken tsintsiya, a ɗaure goma-goma, yaro ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa.

Wanda ya tambayi ina bulala tun ranar farko, a sallame shi cikin mutunci. Haka ma mai karɓe aikin gida ya yi wa yaro da kansa. Wannan ma ya fi ɓarna, don maki zai hau, kan yaro kuwa fayau.

Kada a yanke shawara a ranar. Washegari da safe, ba malam a kusa, a ba yaron irin lissafin jiya, kamar 43 a ɗebe 28. In ya rubuta 15, a kira malam a yi maganar kuɗi da ranakun zuwa. In 25 ya rubuta, a sake zama na biyu, ko a gwada wani.