Kuɗin Fito da Fasa-Ƙwaurin Atamfa

Asalin "kuɗin fito" shi ne ladan da matafiyi kan biya mai kwalekwale don ya haye da shi kogi. Daga baya ma'anar ta faɗaɗa, ta ƙunshi harajin da kwastan ke karɓa kan kayan waje.

Yadda ake zille wa harajin nan ya fito fili a cinikin atamfar ƙasar Sin. Kafin rufe iyakar Benin da Nijar a 2023, akan sauke ta a Kwatano da takardar cewa Nijar za ta. Har ta isa Maraɗi ba a karya doka ba, abin da ya sa bincike ya yi wuya ke nan. Daga can ne 'yan fasa-ƙwauri kan kauce wa shingen Jibiya ta ɓarauniyar hanya, su kai ta Kantin Kwari a Kano, wani sa'in da tambarin jabu na masaƙun gida. Arahar irin wannan yadi na cikin dalilan da suka durƙusar da masaƙar UNTL ta Kaduna a 2007.

Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A ganina, da takardun Kwatano aka bi diddigi tare da kwastan ɗin Benin da Nijar, da dillalan aka kama, ba direbobi kurum ba.